Kwalabe Biyu Daga Yangoji

Murja ta shekara bakwai tana aiki a ɗakin gwajin jini na wata cibiyar bincike a Abuja kafin korona ta shigo. 'Yar Funtuwa ce, aiki ne ya kawo ta, tana zaune a Dutsen Alhaji da mijinta da 'ya'yansu biyu. A farkon shekarar 2021 ogansu, Dokta Bello, ya ɗora ta a kan wani sabon aiki. Za a nemo mutanen da suka taɓa kamuwa da cutar suka warke, a riƙa ɗibar jininsu duk bayan wata uku, a ga ko garkuwar da jikinsu ya haɗa za ta iya tare sababbin nau'o'in cutar da ake ta jin sun ɓulla a wasu ƙasashe. Waɗanda suka kula da su a gida lokacin ciwon ma ana so a ɗebi nasu.

A cikin mutum ɗari da 'yan kai da suka amsa kira akwai Rita Wakili, 'yar shekara talatin da ɗaya, mai aikin karɓar baƙi a wani otal a Wuse. Da Murja ta karanta adireshinta a fom sai ta ɗaga kai ta dube ta, don layi uku ne kacal tsakanin gidajensu. Ashe sun sha wuce juna a wajen masu tumatir ba su sani ba. Daga ranar Rita ta koma kiranta Anti.

A watan Janairu Rita ta kamu. A wurin aiki aka yi musu gwaji, aka ce tana da ita, ta je ta killace kanta a gida. Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne ita da ƙawarta, banɗaki na duk 'yan haya. Tana kwanciya ƙawar ta kwashe kayanta ta bar mata ɗakin. A rana ta uku mahaifinta ya zo daga Yangoji da shatar mota ya ɗauke ta.

"Shi ya yi jinyata, Anti," in ji Rita. "Mamana ta rasu shekara shida ke nan. Shi kaɗai ne a gidan."

"Zai yarda a ɗebi jininsa?"

"In kika je da kanki zai yarda. Yana son baƙi."

Wata Asabar cikin watan Afrilu suka tafi, Rita na gaban mota tana nuna wa direba hanya bayan sun wuce Kwali. Sun iske Baba Wakili a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Dogo ne siriri, ɗan shekara sittin da takwas, tafin hannunsa duk kanta. Ya miƙe ya jawo kujerar roba ya goge ta da hularsa.

"Sannu da zuwa, Likita. Ka zauna a nan, wannan ya fi kyau."

Murja ta yi murmushi. Hausar tsofaffin yankin ke nan, mace da namiji duk "ka" ne, ta saba da ita. Ta ce masa ita ba likita ba ce, a lab, ɗakin gwajin jini, take aiki. Ya ce duk wanda ya zo da allura likita ne, ba ya son gardama.

Tana ɗaure masa damtse tana neman jijiya, shi kuma yana ba ta labarin jinyar.

"Sun ce in ajiye abinci a bakin ƙofa in gudu. Na ce to kare nake kiwo? Yarinya yana tari kamar ransa zai fita, ni in tsaya a waje? Na fito da shi nan gindin mangwaro, na shimfiɗa tabarma don ya sha iska. Na dafa ganye, na dama kunu. Kwana goma sha biyu ban leƙa gona ba."

"Kai kuma fa, Baba? Ba ta taɓa ka ba?"

"Ya taɓa ni mana! Yarinya yana tashi, ni na kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, baki ɗaci. Kwana huɗu na yi. Amma ni tsohon ƙashi ne."

"An yi maka gwaji?"

"Gwajin me? Abu a gida ɗaya."

Ta tambaye shi ko ya yi allurar rigakafin da aka fara yi a watan da ya wuce. Ya girgiza kai.

"Wanda ruwa ya riga ya doka, me zai yi da laima? A bar wa waɗanda ba su sha ba."

Ta ce duk da haka ya daure ya je, tsofaffi ne aka fi so su yi. Ya ce "to", irin to ɗin nan da ake yi wa baƙo don kada a kunyata shi. Sai ya bi kwalbar da kallo tana cika, ya tambaya me za ta yi da jinin.

"In cuta ta shiga jiki, Baba, jiki yakan haɗa wasu sojoji da suka san fuskarta. Ko ta tafi suna nan cikin jini suna gadi. To ita wannan cutar sauya kama take yi. Muna so mu ga ko sojojin za su gane ta in ta dawo da wata rigar."

"Kamar ɓarawon doya ke nan," ya ce. "Yau ya zo da hula, gobe ya zo babu. Ni dai ko me ya sa, tafiyarsa nake ganewa."

Suka yi dariya har da direba. Da za su tafi ya cika musu buhu da mangwaro, ya hana su cewa ya yi yawa.

Aikin lab ba ya sauri. Sai da aka tara jinin kowa, aka tace ruwansa, aka jera a firiza, sannan aka jira kayan gwajin da ake kawowa daga waje. Ƙarshen watan Yuni suka iso. Yadda ake yi shi ne a haɗa ruwan jinin mutum da ƙwayar da aka ƙera ta yi kama da ta korona amma ba ta cutarwa, a zuba a wani faranti mai ƙananan ramuka, bayan kwana biyu a duba ko jinin ya hana ta kamawa. Ana yi da tsohon nau'in, ana yi da sabon da ake kira Delta, wanda a lokacin yake ta kashe mutane a wasu ƙasashe.

Jinin Rita ya tare tsohon nau'in sosai. Delta ma ya tare shi, sai dai ƙarfin ya ragu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Murja ta ji daɗi, haka aka gani a jinin mutane da yawa. Da ta zo kan lambar Baba Wakili sai ta ga babu komai. Ko tsohon nau'in bai tare ba. Ta ɗauka kuskure ne, ta sake fiddo kwalbarsa ta maimaita. Bayan kwana biyu sakamakon bai sauya ba. Ta kai wa Dokta Bello.

Ya cire tabarau ya duba takardar. "Mai yiwuwa zazzaɓin sauro ya yi, ya zo daidai da ciwon 'yarsa. Ko kuma ya yi cutar jikinsa bai bar alama ba, yakan faru. Ko wanne ne, mu dai a wurinmu mutumin nan ba shi da kariya. Shekararsa nawa?"

"Sittin da takwas."

"Ki kira shi yau."

"Oga, in ta waya ce ba zai ɗauka da muhimmanci ba. Gara in je."

Ranar Asabar ta farko a watan Yuli suka koma Yangoji ita da Rita. Ba ya gida, suka bi shi gona. Damina ta zauna, ganyen doya ya haye sanduna ya rufe kunyoyi, yana tsakiya a duƙe yana cire ciyawa. Suka zauna a kan wani kututture, Murja ta yi masa bayani a hankali, ta maimaita. Ya saurara yana kakkaɓe ƙasa daga yatsunsa.

"Wato duk wahalan nan da na sha, sauro ne?"

"Da alama, Baba."

"Kwana goma sha biyu ina zaune kusa da yarinya, ciwon ya dube ni ya wuce?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Bai ga nama a jikina ba."

"Wannan sabon ya fi wancan saurin kama mutum. Don Allah, Baba, ka je ka yi allurar nan. Ba don ni ba, don Rita."

Dariyar ta tsaya. Ya dubi 'yarsa, ya ga idonta ya ciko.

"To, Likita. Tunda ka taso tun daga Abuja. Ran Talata kasuwa ne, zan shiga Kwali."

Wannan karon to ɗin na gaske ne, Murja ta ji a muryarsa.

Hadari ya haɗo daga gabas, direba yana ta danna hon a bakin hanya don kada ruwa ya tare su a turɓayar. Suna sauri a tsakanin kunyoyi Rita ta tambaya:

"Ni fa, Anti? Nawa ya fito?"

"Naki da kyau. Jininki ya san cutar, har sabon nau'in ma ya gane shi. In Allah ya yarda ko ta dawo ba za ta kayar da ke irin na Janairu ba. Amma ke ma ki je ki yi allurar."

"Na gode wa Allah," in ji Rita, ta ɗaga hannu sama. Yayyafi ya fara, suka ruga mota.

Ran Talata da azahar wayar Murja ta yi ƙara. Baba Wakili ne.

"Likita, na zo. Sun ce allura ya ƙare."

Ta ce ya ba ma'aikaciyar wurin wayar. Matar ta ce gaskiya ne, kason farko ya ƙare tun makon jiya, ba a nan kaɗai ba, ana jiran a kawo wani. Murja ta shafe sauran ranar tana kiran duk wanda ta sani, a Gwagwalada, a Kubwa, a Bwari, a cikin gari. Amsa ɗaya ce: babu, sai wata mai zuwa. Ta sake kiransa ta ce ya riƙa sa takunkumi, ya rage shiga taro. Ya ce takunkumi yana hana shi shaƙar iska, amma zai sa a mota. Bayan mako biyu ya sake komawa Kwali da kansa don ya ji ko an kawo. Ba a kawo ba.

A makon farko na watan Agusta Rita ta tashi da mura. Hanci yana zuba, maƙogwaro yana ɗan kaikayi, shi ke nan. Babu zazzaɓi, ba ta fasa zuwa aiki ba ko na rana ɗaya. Ruwa ya dake ta ranar Laraba a hanyar tasha, ta ce shi ne. Mahaifinta kuwa ya kira ta har sau uku a makon, ya ce sabuwar doya ta nuna, ba zai sa ta a baki ba sai ta zo, haka suke yi tun mahaifiyarta na da rai. Ran Juma'a da yamma ta hau mota. Ran Asabar ta daka masa sakwara, suka ci a kwano ɗaya a ɗaki saboda ruwan sama. Ran Lahadi suka kai doya coci aka yi godiya. Da yamma ta dawo Dutse da doya shida, ta aika wa Murja biyu.

Ranar Alhamis ya fara zazzaɓi. Bai gaya wa kowa ba, ya sayi maganin sauro ya sha, tunda an ce masa wancan ma sauro ne. Sai ran Litinin ƙanensa Zacharias, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa, ya lura kwana uku bai gan shi a gona ba. Ya leƙa ya same shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyi, yana jan numfashi da ƙyar.

Da safiyar Talata Rita ta kira Murja tana kuka, maganarta ba ta fita sosai. Sun kai shi asibiti a Gwagwalada, an sa masa oksijin, an ɗauki gwaji. Murja ta nemi izini a wurin aiki ta tafi. Ba a barin kowa ya shiga sashen, sai ta iske Rita zaune a kan benci a waje, da takunkumi biyu a fuska, da kular abincin da ba a buɗe ba.

"Ni ma sun yi mini tes," in ji Rita. "Sun ce ina da ita. Anti, ni ba na jin komai. Murar ma ta tafi tun tuni."

Murja ta zauna a ɗaya gefen bencin. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Rita ta ce amin. An umarci Rita ta koma gida ta killace kanta, ta ƙi tashi sai da Zacharias ya rantse mata cewa ba zai gusa daga bakin ƙofar ba.

Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu. Kwana biyu ya ɗan farfaɗo, har wata nas ta kara masa waya a kunne ya yi magana da 'yarsa. Ya ce mata kada ta damu, ya ce a gaya wa Zacharias ya rufe ramukan doyar da ya tona don kada rana ta ɓata sauran. Ya tambaya ko ta ci abinci. Daga nan numfashin ya sake tsananta. Ranar Asabar da la'asar ya cika.

A makon ne aka ci gaba da yin allurar rigakafi a Abuja. Murja ta ga layin mutane a asibitin unguwarsu tana hanyar zuwa aiki, ta kawar da kai.

Saboda irin ciwon, ba a ba su gawar sun kwana da ita kamar yadda suka saba ba, kuma Rita ba ta halarci binnewar ba don tana killace. Ta waya ta ji waƙar da aka yi a bakin kabari. Sai bayan mako biyu aka yi addu'a a Yangoji, Murja ta je. Mata sun cika tsakar gidan, Rita na tsakiyarsu sanye da baƙin zane, ta rame. Murja ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, Rita ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa, ba ta ƙara komai ba. Da Murja ta fito, Zacharias ya biyo ta har mota ya yi mata godiya. Ya ce marigayin ya sha faɗin cewa likitar nan mutuniyar kirki ce, ta bi shi har gona. Ta shiga mota ta rufe fuska da mayafi, ba ta buɗe ba har suka wuce Gwagwalada.

Abin da ke cin ta shi ne maganar da ta yi a tsakanin kunyoyin doya. Ta juya ta a ranta ya fi a ƙirga. Ba ƙarya ta faɗa ba, jinin Rita ya yi abin da gwajin ya nuna zai yi, cutar ta dawo ba ta kayar da ita ba. Amma akwai rabin maganar da ba ta faɗa ba: cewa mai irin wannan garkuwa yana iya sake kamuwa, abin ya zo masa kamar mura ko ma bai ji komai ba, ya kai wa wanda ba shi da ita. Ta san wannan sarai. Hankalinta ne ya tafi kan tsohon, ga hadari, ga hon. Da ta gaya wa mijinta, ya ce mata kwana ne ya ƙare, kada ta ɗora wa kanta abin da ba nata ba. Ta yarda kwana ne ya ƙare. Hakan bai hana ta tashi da abin a ƙirji kowace safiya ba.

Ta je ta sami Dokta Bello ta ce a sake rubuta takardar da ake ba mutane da sakamakonsu. Ya karanta abin da ta rubuto, ya dube ta, bai tambaye ta dalili ba, ya sa hannu. Ita ta bi sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya a waya tana karanta musu, da Hausa, da Turanci, wasu da brokan Turanci.

Lambar Rita ce kaɗai ta kasa kira. Ko a kasuwa ta daina bi ta layin masu tumatir.

Ranar wata Litinin cikin Oktoba, ranar da aka sa wa rukunin su Rita ta ɗibar jini, Murja na jera kwalabe sai ta ji an ce, "Anti, ina kwana." Rita ce a bakin ƙofa da katinta a hannu. Ta zauna a kujerar, amma ba ta naɗe hannun riga ba.

"Na yi allurar," ta ce. "Tun watan jiya."

"Madalla."

"Anti, abu ɗaya zan tambaye ki, amma don Allah kada ki lallashe ni. Fasto ya lallashe ni, Kawu Zacharias ya lallashe ni, na gaji. Ke kika san aikin. Ni na kai masa?"

Murja ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tura ƙofa ta rufe, ta jawo kujera ta zauna suna fuskantar juna.

"Ban sani ba, Rita. Wallahi ban sani ba. Ya shiga mota, ya je kasuwa, ya je coci, a lokacin cutar tana ko'ina. Babu gwajin da muke da shi da zai nuna daga wurin wa ta zo."

"Amma zai iya zama ni."

"Zai iya."

Rita ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya aka ɗora mata wani. Hawaye na zuba ba ta share ba.

"Akwai kuma abin da ya kamata in gaya miki ranar nan a gona," in ji Murja. "Na ce miki ba za ta kayar da ke ba. Ban ce miki za ki iya sake kamuwa ba, ki ɗauka mura ce, ki shafa wa wani. Na sani, ban faɗa ba. Ki yafe mini."

Rita ta sunkuyar da kai. Ana jin ƙarar firiza a ɗakin da ke kusa.

"Da kin faɗa, da ban je ba," ta ce.

Sai kuma Rita ta girgiza kai.

"Ko kuma da na je. Ban sani ba. Sau uku ya kira ni. Da na ce masa ina mura, da cewa zai yi in zo ya dafa mini ganye." Ta ja hanci, ta goge fuska da bayan hannu. "Kin san ranar ma ya ce in ci da cokalina a wani kwano tunda ina atishawa, wai kada in ɓata masa miya. Wasa yake yi. Ni na ce ai ni na gama da ciwo, likita ta ce jinina yana da sojoji."

Suka yi kuka su biyu, kowa a kujerarta. Daga baya Rita ta naɗe hannun rigarta ta miƙa.

"Ɗebi, Anti. Na riga na zo."

Sau biyu Murja tana kuskure jijiya, abin da ta shekara ba ta yi ba. Rita ba ta ko motsa ba.

A watan Disamba wani nau'in ya sake ɓulla, Omikron, ya bazu a gari kamar wutar daji. Gidan Murja kaf suka kwanta, ita da mijin da yaran, amma cikin mako guda suka miƙe. Da aka gwada jinin da ke firiza da wannan sabon, yawancin na waɗanda suka yi cutar sau ɗaya ba su yi allura ba ya kasa tare shi. Kaɗan ne suka riƙe, kuma a cikinsu na Rita na Oktoba ya fi na kowa ƙarfi: ta yi cutar sau biyu, ga allura a kai. Dokta Bello ya zagaye lambarta da jan biro ya ce wannan a tabbata an sake ɗibar jininta a watan Janairu mai zuwa.

Murja ta kira ta don ta gaya mata. Rita ta ce ta bar aikin otal, ta saki ɗakin Dutse, tana Yangoji suna girbin dawar mahaifinta ita da Kawu Zacharias. Ta saurari sakamakon har ƙarshe, tare da duk gargaɗin da Murja ta jero mata ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"To," ta ce. "Allah ya sa ya amfani wani."

Murja ta ce ba sai ta shigo gari ba, ita za ta zo a watan Janairu. Rita ta ce Allah ya kai mu.

Da ta je ta iske gidan a kulle, an share tsakar gida an jingine turmi a bango. Zacharias ya fito daga nasa gidan ya ce ai Rita ta tafi Lokoja wurin yayanta Justice tun bayan Kirsimeti. Ya ce ta yi ƙoƙari, amma zaman gidan ya gagare ta, kullum tana zaune a ƙofar ɗakin uban ba ta shiga ba ta tashi. Shi ya ce mata ta tafi.

A hanyar dawowa Murja ta kira ta sau biyu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai washegari da hantsi saƙo ya shigo: "Anti ina lafiya. Ba fushi nake ba. Ba zan iya ba yanzu."

Murja ta rubuta amsa mai tsawo, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. A ƙarshe ta tura mata: "Na gane. Allah ya ji ƙan Baba, ya ba ki haƙuri." Sannan ta je ofishin Dokta Bello ta gaya masa ba za a samu na Janairu ba. Ya tambaya ko a aika mota Lokoja. Ta ce a'a, a ƙyale ta.

An kammala binciken a tsakiyar shekarar. Rita ba ta dawo Abuja ba, kuma har yau ba su sake haɗuwa ba.